FITILAR TAFKIN IYO DA KIYAYE RAYUKA

Darasi domin Hakimai da Malamansu

Dalilin wannan darasi

A da, wanda ya ke son iyo sai ya nufi gulbi ko tafki ko kududdufin bayan gari. Yanzu kuwa a manyan garuruwa kamar Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato, har da waɗansu da ba su kai su girma ba, ana gina tafkin iyo da siminti a otal-otal da makarantu da wuraren biki da gidajen masu hali. Da yawa daga cikin waɗannan tafkuna suna da fitilun lantarki a jikin bango, can ƙarƙashin ruwa, domin masu iyo da dare su ga gabansu, mai tsaro kuma ya ga wanda ya nutse.

Fitilar nan abar amfani ce, amma ita ce wurin da wutar lantarki ta fi kusantar jikin mai iyo. Ran da ta mutu, ko ta dinga ƙyaftawa, mai wurin ya kan ɗauke ta ƙaramar ɓarna, ya sa a kira wani yaro ya ɗaɗɗaura waya ta kama kafin baƙi su iso. Nan haɗarin ya ke. Mutuwar fitilar tafki gargaɗi ce, ba a kuwa mai da ita aiki sai an san abin da ya kashe ta, gama ruwa ba ya tsami banza.

Ba a nufin Hakimi ko malaminsa su zama masu gyaran lantarki. Amma idan rai ya salwanta a cikin gunduma, ƙofar Hakimi a kan fara zuwa, shi ne kuma Sarki zai tambaya. Saboda haka ya kamata ya san tambayoyin da zai yi tun abu bai auku ba, malaminsa kuma ya san abin da zai rubuta.

Yadda wutar lantarki ta ke kisa a cikin ruwa

Ana auna wutar lantarki ta fuska biyu. Akwai ƙarfin turawarta, shi a ke ƙidayawa da bolt. Akwai kuma yawan wadda ta ke gudana, shi a ke ƙidayawa da amfiya. Idan aka raba amfiya ɗaya gida dubu, kowane kashi sunansa miliyamfiya. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa bolt 120.

Abin da ya ke kashe mutum shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa. Idan miliyamfiya 1 ta ratsa, sai ya ji ɗan tsikari kawai. Idan ta kai 10 zuwa 15, tsokoki su kan ƙage, har ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 50 zuwa 100 kuwa tana iya rikita bugun zuciya ta tsai da ita. Don a gane ƙanƙantar wannan, sai a tuna cewa tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan wajen miliyamfiya 260. Watau rubu'in abin da ya ke kunna ƙwai guda ya isa ya kashe ƙato.

Busasshiyar fata tana tare wuta gwargwado, jiƙaƙƙiya kuwa ba ta tare abin kirki. Bayan wannan, jikin ɗan Adam yana da gishiri a cikinsa, saboda haka wuta ta fi samun sauƙin bi ta jikinsa da bi ta ruwan daɗi. Idan ta zubo cikin tafki tana neman hanyar komawa ƙasa, sai ta bi ta jikin wanda ya ke kan hanyarta. Ba lalle sai ya taɓa fitilar ba.

A tudu, wutar da ta ƙage hannun mutum tana iya sakinsa ya tashi da ransa. A cikin ruwa kuwa, wanda hannuwansa da ƙafafunsa suka ƙage ya nutse ke nan, ko da shi ne gwanin da ya fi kowa iyo a Argungu. Sau da yawa ba a ganin ƙuna a jikin irin wannan mamaci, sai a ce ruwa ne ya ci shi, a bar ainihin ɓarnar tana jiran na gaba.

Yadda a ke ɗaura fitilar

A jikin bangon tafki a kan bar gurbi tun wajen gini. Cikin gurbin nan a ke saka gidan fitila, wanda ya ke da gilashi mai kauri a gaba, da zoben roba tsakanin gilashin da gidan don kada ruwa ya shiga. Galibi sukuru ɗaya ne daga sama ya ke riƙe da gidan. A bayansa akwai doguwar waya nannaɗe, an bar ta da tsawo da gangan domin a iya ɗago fitilar a ajiye a bakin tafki ba tare da an kwashe ruwa ba. Wayar ta bi ta cikin bututu har zuwa akwatin haɗin waya, wanda dole ne ya kasance bisa da tsayin ruwan. Dokar lantarki ta Amurka ta ce a ɗaga shi aƙalla inci 8 bisa fuskar ruwa, a kuma nisanta shi ƙafa 4 daga bakin tafki.

Tsakanin wutar gari da mai iyo akwai masu tsaro uku. Wanda ya san su ya san rabin darasin nan.

Na farko shi ne taransfoma. Ita ce ta ke karɓar bolt 230 ta mai da shi bolt 12 kafin ya nufi ruwa. Ƙa'idar ƙasashen duniya mai lamba IEC 60364, da ta Ingila mai lamba BS 7671, duka sun ce abin da za a saka cikin ruwan tafki kada ya wuce bolt 12 na irin wutar gari, ko bolt 30 na irin wutar batir. Taransfomar dole ta zama irin wadda aka yi musamman don wannan aiki, wadda wayar shiga da wayar fita ba su haɗu a cikinta ba, a kuma ajiye ta nesa da ruwa, a ɗakin inji. A Amurka akwai fitilun tafki masu aiki da bolt 120 kai tsaye. Irin waɗannan in an kawo su nan ba a haɗa su da wutar bolt 230.

Na biyu wata 'yar na'ura ce da a ke sakawa a allon wuta. Masu aikin lantarki suna ce da ita RCD, a Amurka kuwa GFCI, amma a wannan darasi za a kira ta dogarin wuta. Aikinsa shi ne ya auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta komo ta ɗaya wayar. In lafiya lau ne, biyun daidai su ke. In wadda ta komo ta gaza, to, saura ta zurare ta wata hanya, wataƙila ta ruwa, wataƙila ta jikin mutum, sai dogarin ya katse wutar kafin ƙiftawar ido. Irin wanda a ke sakawa don tsaron rai a nan yana katsewa a miliyamfiya 30, na Amurka a wajen 5. Wani shaihin malami na jami'ar Kalifoniya, Charles Dalziel, shi ya ƙago irin na Amurka a 1961, kuma a 1968 dokar lantarki ta ƙasar ta wajabta shi, ta kuwa fara ne da fitilun ƙarƙashin ruwan tafki.

Kada a ɗauka fis ko bireka suna yin aikin dogari. Su waya su ke tsarewa kada ta yi zafi ta kama wuta, ba sa katsewa sai an wuce amfiya 13 ko 20 ko abin da aka rubuta musu. Wannan kuwa ya ninka abin da ya ke kashe mutum fiye da sau ɗari.

Na uku shi ne ɗaurin ƙarafa. Duk ƙarfen da ya ke cikin tafki ko kusa da shi, watau tsani da marikin hannu da gurbin fitila in na ƙarfe ne da jikin injin tura ruwa, ana haɗa su da waya mai kauri ta jan ƙarfe. Amfaninsa shi ne kada wani ƙarfe ya ɗauki wuta fiye da ɗan'uwansa, har mutum ya taɓa biyun ya zama shi ne gadar da wutar za ta bi.

Idan fitila ta mutu

Kafin a taɓa kome, abu uku wajibi ne. A fitar da kowa daga ruwa. A kashe wutar tafkin daga allon wuta, a kulle allon ko a rataya takarda a kai cewa ana aiki. Sa'an nan mai gyara ya auna da mitarsa ya tabbata babu wuta. Kada kowa ya dogara da cewa an ɗauke wutar gari, domin ana iya kawo ta ba sallama, ko wani ya tada janareta yana can bayan gida bai san ana aiki ba.

Mai gyaran da ya san aikinsa yana fara bincike daga tudu ya gangaro zuwa ruwa, haka:

1. Ya tambaya: duka fitilun suka mutu, ko ɗaya? In duka ne, ɓarnar tana wajen da suka yi tarayya, watau bireka ko dogari ko makunni ko agogon da ya ke kunna su ko taransfoma. In ɗaya ce, to, ƙwanta ne ko wayarta ko mahaɗarta.

2. Ya duba dogari. In ya same shi a katse, yana iya mai da shi sau ɗaya, babu kowa cikin ruwa. In ya sake katsewa, to, gaskiya ya ke faɗa, akwai inda wuta ta ke zurara. Sai a ciccire kayan da su ke bayansa ɗaya bayan ɗaya, ana kashe wuta kafin kowace cirewa, har a gane mai laifin. A nan akwai abin lura. Dogari ba ya ganin abin da ya ke bayan taransfoma. Saboda haka in fitila mai bolt 12 ce, katsewarsa tana nuna ɓarnar tana jikin taransfomar ko wayar da ta shigo mata ko wani inji dabam. In kuwa fitilar tana shan wutar gari kai tsaye, to, mafi yawa ruwa ne ya shiga gidanta.

3. Ya auna taransfoma, ya ga ko wuta tana shiga, ko kuma bolt 12 yana fita. Waɗansu suna da ɗan fis a jikinsu wanda ya kan ƙone. Ƙauri ko baƙin tabo ko zafi fiye da kima alama ce ta mutuwa. Irin wannan sakewa a ke yi, ba a kai ta a naɗa mata waya a kasuwa, domin rabuwar wayar shiga da ta fita ita ce ran mai iyo.

4. Ya buɗe akwatin haɗin waya. A nan a kan tarar da ruwan sama ya taru, ko waya ta yi tsatsa kore, ko tururuwa sun yi gida, ko ɓera ya gaigaye roba. A busar, a kankare, a sake ɗauri da mahaɗi na kirki, a gyara murfi.

5. Daga ƙarshe ya zo ga fitilar kanta. Tun kafin a cire ta, a leƙa gilashin. In an ga ruwa kwance a ciki ko hazo, to, zoben roba ya saki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kwance sukurun, a ɗago gidan zuwa bakin tafki, a buɗe a busar. In ƙwan ya yi baƙi ko zarensa ya tsinke, a sake shi da irinsa, bolt ɗaya, wat ɗaya. Kowane lokaci aka buɗe gilashi sai a sa sabon zoben roba, domin tsohon ya riga ya danne, ba zai sake kamawa ba. Bayan an rufe, a tsoma gidan cikin ruwa a duba. In kumfa tana ta fita daga bakin gilashi, bai rufu ba.

Tsohuwar irin fitilar nan mai zare ruwan tafki ne ya ke sanyaya ta, saboda haka ba a barinta a kunne a waje fiye da 'yan daƙiƙu, kuma ba a tsoma ta da zafinta, gama gilashin yana iya fashewa. Sabuwar irin da a ke kira LED ba ta cin wuta sosai, tana kuma daɗewa, amma da yawa daga cikinta a liƙe su ke, ba su buɗuwa. In ta mutu sai a sake ta ɗungum, a kuma tabbata taransfomar da ta ke wurin ta dace da ita.

Akwai alamu uku da su kan rikita mutane. Fitilar da ta ke ci dishi-dishi sau da yawa wayarta ce ta yi siriri ko ta yi tsawo. Ƙwai mai wat 300 a kan bolt 12 yana jan amfiya 25, wannan kuwa sai waya mai kauri, in ba haka ba ƙarfin ya zube a hanya, wayar kuma ta yi zafi. Fitilar da ta ke ƙyaftawa galibi ɗauri ne ya saki, ɗaurin da ya saki kuwa yana zafi yana cin robar waya. Wadda ta ke yawan ƙone ƙwai, ko dai ruwa yana ɗiga ciki, ko wutar da a ke ba ta tana hawa tana sauka.

Abubuwan da aka hana

Ba a tsallake dogari a haɗa waya ta bayansa don ya cika katsewa. Wanda ya yi haka kamar wanda ya kori mai gadi ne don ya cika ihu da dare. Ba a cire taransfoma a ba fitila wutar gari kai tsaye. Ba a ɗaura tsinkakkiyar wayar ƙarƙashin ruwa da salatif, in ta ji ciwo sai a sake fitilar da wayarta baki ɗaya. Ba a sa waya a madadin fis. Ba a liƙe gilashin da ya tsage da gam. In kayan gyara ba su samu ba, sai a cire wayar fitilar daga allon wuta, a rufe tafkin da zarar rana ta faɗi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Abin da ya shafi ƙasar nan musamman

Wuraren da su ke da tafki a nan kusan duka suna shan wuta daga wuri biyu ko uku: ta gari, da ta janareta, da ta sola. Dogarin da ya ke aiki daidai a kan wutar gari yana iya kasa katsewa a kan janareta in ba a haɗa janaretan da ƙasa yadda ya kamata ba. Saboda haka sai ma'aikacin lantarki ya gwada shi da na'urar gwaji a kan kowace wuta dabam-dabam. Shi kuma mai wurin ya riƙa danna maɓallin gwaji da ya ke jikin dogarin kowane wata. In ya danna bai katse ba, ya mutu, a sake shi ran nan.

Farkon damina lokacin bincike ne, domin zafin bazara ya busar da robobi ya tsattsage su, ruwan farko kuma ya sami hanya.

Ranar biki ma abin tsoro ce. A kan jawo doguwar waya har bakin tafki don lasifika da fitilun ado da firji da cajin waya. Ƙa'idar da aka ambata ta ware mita 2 daga bakin ruwa a matsayin wurin da ba a kawo wutar gari, da ƙarin mita 1 da rabi inda ba a sa soket sai da tsaro irin na dogari. Haka kuma ba a jefa injin jan ruwa mai waya cikin tafki alhali akwai mutum a ciki. Wannan magana ta shafi masu kiwon kifi a kwamin siminti, gama su ma suna tsayawa cikin ruwa kusa da inji.

Idan wuta ta kama mutum a ruwa

Mai iyon da ya ji tsikari ko jikinsa yana ƙagewa, ya juya ya koma ta inda ya fito, ya nisanci fitila, ya fita ba tare da ya kama tsanin ƙarfe ba, ya kuma yi kururuwa a kashe wuta.

Na tudu kuwa, kada ya faɗa ruwa don ceto. Da haka gawa ɗaya ta kan zama biyu ko uku. Ya fara kashe wuta. Saboda wannan ne ya wajaba kowane ma'aikacin wurin, har mai shara da mai gadi, ya san inda makashin ya ke, kada kuma a kulle ɗakin a tafi da mabuɗi. Sa'an nan a jawo mutumin da sanda wadda ba ta ƙarfe ba, ko a jefa masa igiya mai abin yawo a kan ruwa.

In an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki sau 5. Daga nan a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a ci gaba da haka, dannawar tana kai 100 zuwa 120 a minti. Wani kuma ya kira lamba 112 ko ya nemo mota. Kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki ko juya shi ƙasa don ruwa ya fita, domin ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti.

Sauran haɗuran tafki

Wutar lantarki ɗaya ce daga cikin haɗura, nutsewa ita ce babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kusan rubu'insu kuwa yara ne da ba su kai shekara 5 ba. A shekarar nan ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 25 ga Yuli ta zama ranar tunatarwa kan hana nutsewa.

Mutane sun ɗauka mai nutsewa ihu ya ke yi yana bugun ruwa. Galibi shiru ya ke yi, domin numfashin da zai yi kira da shi bai ishe shi ba, sau da yawa kuma kafin minti ɗaya ya ɓace. Don haka dole a sa mutum guda wanda ya iya iyo da ceto, ba shi da wani aiki sai duban ruwa. Ƙaramin yaro kuwa ba a nisa da shi fiye da inda hannu zai kai. In an ce kowa yana dubawa, to, babu mai dubawa.

A kewaye tafki ta fuska huɗu da shinge mai tsayin mita 1.2 ko fiye, wanda tsakanin sandunansa bai wuce santimita 10 ba, da ƙofa mai rufe kanta, sakatarta can sama inda yaro ba ya kai. A rubuta zurfin ruwa a bakin kowane sashe, a hana tsunduma da ka a wuri marar zurfi, gama yana karya wuya. Mai farfaɗiya kada ya shiga sai da mai lura da shi. Wanda ya sha abin maye kada ya shiga sam.

A ƙasan tafki akwai magudana inda inji ya ke zuƙar ruwa ya kai matata. In murfinta ya fashe ko ya fita, zuƙar tana iya riƙe gashi ko hannu ko jikin yaro har babba ya kasa ɓamɓare shi. A 2002 wata yarinya 'yar shekara 7 ta rasu ta haka a Amurka, a 2007 kuma aka yi doka a ƙasar wadda ta wajabta wa tafkunan jama'a irin murfin da jiki ba ya iya toshewa. Tafkin da murfin magudanarsa ya fashe, a kashe inji a rufe shi.

Ruwan kuma dole ya zama garau, har na tsaye a baki ya ga magudanar nan ta ƙasa. In ba ya ganinta, ba zai ga yaron da ya kwanta a can ba. Maganin kulorin da a ke zubawa a riƙa auna shi kullum, ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a lita. A ajiye shi dabam da asid, domin in suka haɗu suna fid da iska mai guba. In kuma an ji tsawa, kowa ya fita, ba a komawa sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

Aikin Hakimi da malaminsa

Ana shawartar kowane Hakimi ya sa dagatai da masu unguwa su kawo masa sunayen wuraren da su ke da tafkin da jama'a su ke shiga. Malami ya buɗe musu shafi a littafi, kowane wuri da nasa. Sau biyu a shekara, kafin damina da kuma kafin bukukuwan Salla da hutun makarantu, a aika a yi wa mai wurin waɗannan tambayoyi, a rubuta amsa da kwanan wata:

Fitilun bolt nawa ne, ina kuma taransfomar ta ke? Akwai dogarin wuta? A danna maɓallinsa a gaban ɗan aike a ga ya katse. Yaushe ma'aikacin lantarki ya gwada shi a kan janareta? Wane ne ya yi gyara na ƙarshe, yana kuwa da takardar shaida? Ina makashin wuta, su wa suka san shi? Akwai shinge da sandar ceto da mai duban ruwa? Ana ganin magudanar ƙasa, murfinta lafiya?

Game da takardar shaida, hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce mai duba ɗaurin wutar lantarki a Nijeriya da ba masu wannan aiki shaida. In amsar mai wuri ba ta gamsar ba, Hakimi ya yi masa nasiha ya rufe tafkin har a gyara. In ya ƙi, malami ya rubuta wa ƙaramar hukuma da Majalisar Sarki, a ajiye kwafi.

In kuwa an riga an yi rashi a wani tafki, malami ya rubuta ko fitila tana kunne a lokacin, ko wani ya ji tsikari a ruwan, ko an taɓa yin gyara kwanan nan, ya sanar da 'yan sanda abin da ya samu. Kada a bar kowa ya sake shiga ruwan sai ma'aikacin lantarki mai shaida ya auna ya sa hannu.